Faso ya hana ni taka ƙasa, me zan shafa?

Assalamu alaikum. Daga Gusau nake. Tun da hunturu ya kankama a Disamba ƙwaurina ya yi furu-furu yana ƙaiƙayi, dunduniya kuma ta yi faso har jini ke fita idan na taka. Alwalar asuba kuwa, kamar an zuba min barkono.

Na shafa man kaɗanya safe da dare, na koma basilin ina kwana da safa. Da na goge kaushin da dutse, sai tsagar ta ƙara buɗewa. Na bar sabulu mai ƙamshi, na rage zafin ruwan wanka. Ƙaiƙayin ya lafa, amma fason yana nan, mako 3 ke nan.

Don Allah, wane mai ne ke rufe faso mai jini ga ƙafar da ke shan ruwa sau 5 a rana?