Danƙon ƙudan zuma a abincin ragunan turka

Mai Garke: Assalamu alaikum. Akwai wanda ya taɓa sa furofolis a abincin 'yan raguna? Guda 12 zan turke. Nawa ake zubawa?

Uwar Biyu: Wa alaikumus salam. Kakin zuma kake nufi?

Mai Amya: A'a Hajiya, kaki daban. Wannan danƙo ne da ƙudan zuma ke kwasowa daga tohon itatuwa da ɓawonsu, su kwaɓa da kaki su lilliƙe kafofin amya. Kusan rabinsa danƙon itace ne, kakin ciki kamar kashi 30 cikin 100. Da sanyi ya yi tauri, da zafi ya manne a hannu.

Ɗalibin Likita: Tun da Tarayyar Turai ta hana zuba maganin kashe ƙwayoyin cuta a abincin dabbobi don ƙiba, a 2006, ake ta gwada wannan danƙon. Yana danne wasu ƙwayoyin cikin tumbi, kusan irin aikin monensin, wani magani da ake zuba wa dabbobi a abinci. Sai dai sakamakon bai zo ɗaya ba, wani gwajin an ga ƙari, wani ba a ga komai ba.

Baban Yara: Malam Mai Garke, bari in gaya maka abin da ya same ni. Bara na jiƙa shi a sifirit, na tace, ina yayyafa musu. Da na ji an ce yana gyara tumbi sai na saki jiki, cikin kwana 3 na ninka musu hatsi na rage ciyawa. Asubar kwana na huɗu na tarar da biyu sun daina tuƙa, ciki ya kumbura ta hagu, suna cizon haƙora, ga zawo mai tsami. Ɗayan, wani fari mai baƙin kunne da ya fi duka cin abinci, a hannuna ya cika. Likita ya ce hatsin ne ya tsamama tumbin, danƙon ba ruwansa, bai kashe ba kuma bai kare ba. Har yau abin na ci mini rai. Ka ƙara hatsi kaɗan-kaɗan cikin mako 2 zuwa 3, kada ciyawa ta yanke, ka fara da maganin tsutsar ciki da rigakafi.

Uwar Biyu: Ayya, Allah Ya mayar da alheri.

Mai Amya: Amin. Amma Alhaji wane iri ka samu? Na Burazil akwai kore akwai ja, na Turai ruwan ƙasa ne, kowanne da itacensa da ƙarfinsa.

Baban Yara: Ko shuɗi ne, ba zai hana abin da ya faru ba.

Ƙaramin Makiyayi: Baba Mai Amya dai kasuwa yake nema wa ƙudansa 😂

Mai Amya: Yaro, amya ɗaya ɗan abin da take bayarwa a shekara ko kilo ba ya kaiwa. Wa zan sayar wa?

Ɗalibin Likita: Masu monensin a kula, yana kashe doki. Gishirin lasar shanu kuma kada a ba tumaki, sinadarin jan ƙarfe da ke ciki na taruwa musu a hanta.

Uwar Biyu: To ni nawa ragon yana yunƙurin fitsari, ɗigo kawai yake yi tun jiya.

Ɗalibin Likita: Hajiya ki kira likita yau, kada ki kwana. Ya yi kama da tsakuwar mafitsara, yawan dusa na kawo ta.

Mai Garke: Jama'a har yanzu ba wanda ya ce mini nawa.

Baban Yara: Sikeli gare ka? Raba su shida-shida, rabi ka ba su danƙon rabi ka bar su haka, ka auna duk mako.