Musayar Baitoci: Ɗan Jiran Shari'a

Hamma na Jekadafari

Da sunan Mai hukunci da gaskiya zan fara,
Kan ɗan jiran shari'a, shekara bisa shekara.
Sashe na 35 a tsarin mulkin 1999 ya tsara:
Wanda aka kama, kwana ɗaya a shigar da ƙara
In da kotu cikin kilomita 40, in babu, biyu zai jira.
Wata biyu a tsare ba shari'a, a sake shi, doka ta yi kira.
To ina gizo ke saƙa? Adda, taimaka ki ƙara.

Adda ta Bolari

Hamma, wata biyun nan akwai inda ba ya kaiwa:
Laifin da hukuncinsa kisa ne, sashen ya yi togewa.
Fashi da makami, kisan kai, in su ake zargawa,
Majistare ba shi da hurumi, iyakarsa tsarewa.
Fayil sai ya je Ma'aikatar Shari'a don dubawa,
Lauyan gwamnati ya ce a gurfanar ko a yi sallamawa.
Sau da yawa kwafin na caji ofis, ba a yi aikawa,
Ƙura ta hau bangonsa, zaren ɗaurin na tsinkewa,
Uwa na kai tuwo ƙofar gidan yari tana dawowa.

Baffa na Kumo

'Yata, ko an gurfanar, da sauran tafiya.
Yau motar gidan gyaran hali ba mai, ta tsaya.
Gobe mai bincike an yi masa canji, ya bar Gombe gaba ɗaya.
Shaida daga Dukku ba kuɗin mota, ya ce ya gaji da biya.
Alƙali da biro yake rubuta bayani, kalma ɗaya-ɗaya,
In aka canja shi, sabo ya zo, shari'a ta koma baya.
Yajin ma'aikatan kotu na 2021 ma ban manta ba:
Sama da wata biyu, ƙofa ba ta buɗu ba.

Ƙanwarku ta Pantami

Baffa, Allah ya ƙara girma, ga ƙidayar da aka yanka.
Dokar shari'ar laifuka ta tarayya ta 2015, jihohi ma sun yi tasu haka:
Shari'ar laifi kullum-kullum, har a kai matuƙa,
Ɗagewa biyar ga kowane ɓangare, ita ce iyaka,
Tsakaninsu kwana 14 na aiki, kada a tsallaka.
An rufe shaida da jawabi? Hukunci cikin kwana 90, sashe na 294 na tsarin mulki ya saka.
Lauyoyi ma da laifinsu, abin na ci mini rai haka:
Ƙara uku a kotu uku rana guda, sai wasiƙa ya aika.

Hamma na Jekadafari

Talaka mai ɗa a ciki fa, ta ina zai kama?

Adda ta Bolari

Ya je wajen rajistara, lambar ƙara ya nema,
Da ranar da aka fara tsarewa, a rubuce ya adana ma.
Hukumar lauyoyin agaji kyauta take, ba sisi ba goma,
Ta rubuta wa Antoni Janar, a gano inda fayil ya koma.
Beli a babban laifi, Babbar Kotu ake nema,
Sashe na 46 na tsarin mulki ya ba shi ƙarar tauye haƙƙi a can ma.
In Babban Joji zai ziyarci gidan yari, kada ya yi zama,
Ya roƙi jami'in walwala sunan ɗansa ya shiga jerin dubawa tun da dama.