Tsohon lensi a kan kyamarar zamani: kowa ya faɗi abin da ya gani

Mai Takumar: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Masu ɗaura lensin zamanin fim a kan kyamarar dijital, kowa ya kawo abin da ya gwada da hannunsa. Bari in fara da adafta, don a nan aka fi tafka asara. Kowane lensi an ƙera shi ne ya zauna a wata tazara daga fim. Tazarar ta danganta da irin bakin da ake ɗaura lensin: M42 da Pentax K milimita 45.46 ne, Nikon F 46.5, Minolta MD 43.5, Canon FD 42. Kyamarori marasa madubi tazararsu gajera ce: Sony E 18, Fuji X 17.7, Nikon Z 16. Adafta bututu ce kawai da ke cike giɓin, ta M42 zuwa Sony E kaurinta kusan milimita 27.5. Idan ta ɗara haka ko da kaurin takarda ne, abin da ke nesa ba zai taɓa fitowa sarai ba. Shi ya sa masu ƙera ta kan rage kaurin kaɗan, sai ka ga fokas ya zauna tun kafin zoben ya kai alamar ∞. Kada a murɗa zobe har ƙarshe a ce an gama.

Baban Zara: Wa alaikumus salam. Gaskiya ne, Malam. Matsalar ta fi tsanani a masu madubi. FD a kan Canon EF, ko M42 a kan Nikon F, babu wurin saka adafta zalla, dole sai mai gilashi a ciki, gilashin nan kuma yana cinye kaifin hoto, musamman a f/1.4 da f/2, wato idan ƙofar da haske ke shiga lensi tana buɗe sosai. Ban ga amfanin sa lensi mai kyau a bayansa ba. Wani gargaɗi: lensin Nikon na kafin 1977, wanda ba AI ba (tsarin Nikon da ke sanar da kyamara lambar ƙofar haske), yana iya lanƙwasa ɗan harshen da ke bakin kyamara irin D750. Wasu M42 kuma gindinsu na taɓa madubin Canon 5D idan an saita nesa.

Maman Ilham: Yayana, ka tsallake abin da ke fara rikita sabon shiga. Kyamara ba ta san an ɗaura mata komai ba, sai shata ta ƙi bugawa. A Sony a kunna "Release w/o Lens", a Fuji "Shoot Without Lens". A sa kyamara a A (kai ke zaɓar ƙofar haske) ko M (kai ke saita komai da hannu). Idan tana da na'urar hana girgiza a jikinta, a rubuta mata tsawon lensin da hannu, 50 ko 58 ko 135. In an bar lambar lensin jiya, na'urar da kanta za ta girgiza hoton.

Batun fokas kuwa, launin da kyamara ke nunawa a allo a gefen abin da ya fito sarai yana ruɗi. A f/1.4 zai haska gira da gashin ido gaba ɗaya, ka duba hoto a kwamfuta ka tarar ƙwayar ido ta dusashe. Abin dogaro shi ne faɗaɗa hoto a allo: ka buɗe ƙofar haske duka, ka faɗaɗa kan ido, ka murɗa a hankali har ka wuce wurin, ka dawo. Sannan ka rufe zuwa f/2.8 ko f/4 ka sake dubawa, don wasu tsofaffin lensi fokas ɗinsu na gusawa idan an rufe.

Ɗan Helios: Hajiya ta faɗi gaskiya. Helios 44-2, 58mm f/2 na Tarayyar Sobiyat, zobe biyu gare shi: ɗaya kake zaɓar lamba, ɗayan kake rufewa da buɗewa. Da yawa kan zaɓi f/8 su manta na biyun, hoto ya fito a f/2. Murɗewar da yake yi wa abin da ke bayan wanda ake ɗauka, ya zama kamar yana juyawa, a gefunan hoto take, don haka ƙaramin sensa na yanke mafi yawanta, 58mm ɗin ma ya koma kamar 87mm. Shi kuma 44M-4 yana da ɗan tsinke a gindi, in adafta ba ta da leɓen da zai danne shi, ƙofar haske a buɗe za ta zauna.

Mai Takumar: Kafin sayen lensi a haska tocila ta baya a leƙa ta gaba. Ƙura kaɗan ba ta komai. Fumfuna kamar saƙar gizo take, in ta daɗe tana cinye rufin gilashin. Hazo ya fi su illa, hoto ya zama fari-fari da zarar an fuskanci haske. A duba ganyayyakin ƙofar haske, in da ƙyallin mai za su riƙa liƙewa. Super-Takumar 50mm f/1.4 kan yi rawaya saboda sinadarin toriyom da ke cikin gilashinsa; hasken UV na kwanaki yana wanke rawayar.

Baban Zara: Idan farin tabo na bayyana a tsakiyar hoto a f/11 ko f/16, a fara leƙa cikin adafta. Mai ƙyalli na maido da hasken da sensa ya tunkuɗo. A liƙa baƙin ƙyalle marar sheƙi a bangonta, a sa wa lensin hula, a sake gwadawa a wuri ɗaya.