Haki da rashin ƙarfi bayan tiyatar zuciya: a bar shi ya kwanta ko ya riƙa tafiya?

Ɗiyar Tudun Wada:
Assalamu alaikum. An yi wa mahaifinmu tiyatar zuciya, irin wadda ake ciro jijiya daga ƙafa a yi wa jini sabuwar hanya ta kewaye wurin da ya toshe, kuma yau muna cikin mako na uku da dawowarsa gida nan Zariya. Wurin ɗinkin yana warkewa, amma daga ɗaki zuwa zaure sai ya tsaya yana haki, ga shi yana tsoron yin tari saboda zafin ƙirji. Mama da 'yan'uwanta suna ganin a bar shi a kwance har ya murmure, mu kuwa mun ji likita ya ce ya riƙa tattaki. Shin an saba ganin irin wannan haki, kuma yaushe ake sa ran ƙarfinsa zai dawo?

Mai Gashin Ƙashi, Samaru:
Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Allah ya ƙara wa Baba lafiya. Abin da ke rikita iyali shi ne, sassa biyu ne suke warkewa a lokaci guda, kuma buƙatunsu sun saɓa. Ƙashin ƙirji, wanda aka raba aka kuma ɗaure da waya, yana son a ƙyale shi mako 6 zuwa 8 kafin ya haɗe. Huhu da ƙafafu kuwa aiki suke so. Su Mama suna da gaskiya a kan ƙashin, amma kwanciya yini guda ita ce ke tara majina a huhu, ta sassauta tsokoki, ta kuma buɗe ƙofar daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa.

Hakin yana da dalilai sanannu. A yawancin irin wannan aiki na'ura ce ke karɓar aikin zuciya da huhu na ɗan lokaci, don haka ƙananan jakunkunan iska da ke gindin huhu sukan manne, sannan zafin ɗinki ya sa mutum yana jan numfashi sama-sama, ba ya buɗe su. Wani lokaci ruwa yakan taru a gefen huhu, musamman na hagu, kuma jinin da aka rasa wajen aiki yakan bar mutum da ƙarancin jini na makonni.

Idan an sallamo shi da robar motsa huhu, wadda ke da ƙwallaye uku a ciki, ya sani zuƙa ake yi, ba hurawa ba, domin mutane da yawa suna juya abin. Ya zauna a miƙe, ya zuƙi iska a hankali, ya riƙe ta daƙiƙa 3 zuwa 5, ya maimaita sau 10 a kowace awa matuƙar yana farke. Bayan haka ya rungume filo a ƙirji ya yi tari; filon yana rage zafi kuma yana tallafe ƙashin. Idan zafi ne ke hana shi, a gaya wa likita a daidaita maganin zafin, kada a bar shi yana danne tari.

Tattaki kuma ya fara da minti 5, sau uku ko huɗu a rana, a tsakar gida, a riƙa ƙara minti ɗaya ko biyu duk bayan kwana biyu, har ya kai rabin awa. Ma'aunin mai sauƙi ne: idan yana iya magana yana tafiya, saurin tafiyar ya yi daidai, idan maganar tana yankewa, ya rage. Yawanci sai wajen wata uku mutum ke jin ya koma daidai, mai yawan shekaru ko mai ciwon suga ma yakan wuce haka. Ku nemi likitansa ya tura ku sashen gashin ƙashi na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a auna nisan da yake iya takawa cikin minti 6, domin da wannan awo ake gane ci gaba.

Malamar Jinya, Sabon Gari:
Na yarda da Malam, sai dai kada a ɗauki kowane haki a matsayin na warkewa. Wanda aka saba gani yana raguwa daga mako zuwa mako. Idan yana ƙaruwa, ko Baba ya kasa kwanciya sai a zaune, ko zazzaɓi ya zo, ko ɗinkin ya yi ja yana ruwa, ko zuciya tana bugawa da sauri ba bisa tsari ba, ko ƙashin ƙirji yana ƙas-ƙas idan ya motsa, to asibiti za a nufa a ranar. Ku riƙa auna nauyinsa kowace safiya. Ƙarin kilo biyu cikin kwana biyu ko uku ruwa ne ya taru a jiki, ba ƙiba ba. Sannan a nisanta shi da hayaƙin murhu, turaren wuta da maganin sauro na kunnawa, kuma idan hazon hunturu ya sauko ya sa takunkumi. Masu dubiya alheri suka zo yi, amma mai mura ya yi gaisuwarsa daga waje.

Ɗiyar Tudun Wada:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Damuwarsa babba ita ce salla, domin yana dagewa sai ya yi sujada kamar yadda ya saba.

Mai Gashin Ƙashi, Samaru:
Matsalar tana wajen sauka da tashi, domin dattijo yakan dogara da tafin hannu ya tunkuɗa jikinsa, nauyin kuwa kai tsaye yake sauka a kan ƙashin da aka ɗaure. Ya yi sallarsa a kan kujera har likita ya tabbatar ƙashin ya haɗe, addini ya yi wa marar lafiya wannan rangwame. Haka kuma kada ya ɗaga abin da ya wuce kilo 4 ko 5, wato ba zai ɗauki bokitin ruwa ko jikansa ba, kuma idan masai na tsuguno ne a sama masa kujerar bahaya. Ranar komawa asibiti a ɗauke shi a mota, kada ya hau acaɓa, kuma kada ya yi tuƙi da kansa kafin mako 6 sai da izinin likitansa.