Neman kalma: wannan akwatin da ke sanyaya ruwan injina

1/ 'Yan uwa masu aikin masana'anta, ku matso. Wani sabon yaro a kamfanin robobin da nake aiki a Sharaɗa, Kano, ya nuna akwatin nan mai fanka a ka, ya ce, "Oga, mene ne sunan wannan da Hausa?" Na yi shiru. Shekara da shekaru "kulin tawa" muke cewa, daga cooling tower na Turanci.

2/ Masu fassara sukan ce "hasumiyar sanyaya ruwa". Ban gamsu ba. Bahaushe in ya ji hasumiya, Gobarau ta Katsina yake gani. Namu kuwa gajere ne, wani ma bai kai tsayin shago ba. Kuma sunan bai faɗi yadda abin yake aiki ba.

3/ Ga aikin nasa. Ruwan da ya ɗebo zafi daga injin ana yayyafa shi daga sama, ya gangaro ta cikin saƙar roba, fanka tana jan iska ta cikinsa. Kaɗan ya tashi ya bi iska, sauran ya huce ya koma injin. Kashi 1 cikin 100 in ya tashi, zafin ruwan yana sauka da kamar digiri 5 zuwa 6. Shi ya sa da hunturu, iska a bushe, ruwan kan fito da sanyi har ka ji a hannu, da damina kuwa sai injin ya yi ta nishi.

4/ Wani abokin aikina ya ce "randar masana'anta". Ta burge ni, don hikimar ɗaya ce da ta randar ƙasa, irin wadda wani malami ɗan Najeriya, Mohammed Bah Abba, ya gina tukunya-cikin-tukunya mai sanyaya kayan lambu a kanta har ya samu lambar yabo ta Rolex a 2000. Sai dai randa ajiya take yi, ruwan nan kuwa ba ya zama.

5/ Abin da na tsaya a kai shi ne MAFIFITAR RUWA. Kamar yadda uwa ke fifita kunu mai zafi kafin ta ba yaro. Ƙirar kalmar tamu ce: marina, majema, maƙera, mafifita.

6/ Dalilin da ya sa na damu: wanda ya san fifita ake yi zai gane inda ruwa da wuta suke tafiya. Ruwan da ya tashi yana barin gishirinsa a baya, irin farin ɓawon da ke kama gindin butar shayi. In ya kama bututu, zafi ba ya fita, injin ya ƙara shan wuta. Dole a riƙa zubar da wani ruwan ana zuba sabo. In ana zubarwa yadda gishirin ba zai wuce ninki 3 ba, duk lita 100 da ta bi iska sai an cike da 150. In magani da tacewa suka ba da damar kai ninki 6, lita 120 ta isa. Na taɓa ganin an bar famfon zubarwar a buɗe dare da rana, rijiyar burtsatse tana ta aiki a banza, don ba wanda ya yi wa mai gadin wurin bayani da harshen da yake ji.

7/ Fankar ma haka. A rage gudunta da kashi 20 cikin 100, wutar da take sha ta ragu kusan rabi.

8/ Saura sunan wancan ruwan da ake zubarwa, wanda Bature ke kira blowdown. Ni dai "tsiyaya" nake ce wa yarana. Mutanen masana'antun Bompai da Challawa, ku me kuke kiransa a wurinku?