In sa wa mariƙin Glock ɗina toshi ko in bar shi a buɗe?

Mai tambaya: Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah ku ba ni shawara. Wata huɗu ke nan da aka mai da ni aikin rakiya, kullum muna kan hanya, yau Dukku, gobe Bajoga, jibi mu nausa Bauchi ta Alkaleri. Ga hunturu ya kankama, ƙura har cikin haƙora. Ba ma ni na nemi aikin ba, wanda ke wurin ne ya tafi kwas, kuma lokacin iyalina na da tsohon ciki, na roƙa a bar ni cikin garin Gombe aka ƙi. To ƙaramar bindigar hannu Glock 17 nake riƙewa. Duk mai riƙe ta ya san akwai wani kogo a ƙasan mariƙin, bayan inda gidan harsashi ke shiga. Ranar Juma'a na kifa ta, sai ga ƙasa ta taru a ciki har da ɓawon gyaɗa. Ƙanin matata ya sayo min toshin roba na wurin ta intanet. In sa ko kar in sa?

Tsohon hannu: Wa'alaikumus salam. Ƙanena, kar ka sa. Mutanen Ostiriya da suka ƙera bindigar nan tun farkon shekarun 1980 ba mantuwa suka yi ba da suka bar ramin. Abin da ya shiga ta sama, ruwa ne ko yashi, ta nan yake samun hanyar fita. Sannan ranar da gidan harsashi ya cije, nan za ka zura babban yatsa ka fizgo shi. Ka toshe, sai ka ciro shi da me? Har na yi ritaya ban sa ko ɗaya ba.

Ɗan Kumo: Ranka ya daɗe, ni dai na ga amfaninsa. Toshin nan ramin igiyar rataya kawai yake kamawa, ba ruwansa da kunama ko wani ƙarfe na ciki. Kuma in kana sauya gidan harsashi da sauri, bakinsa kan sarƙe a gefen kogon, toshin ke sa ya zame ya shige.

Tsohon hannu: Hannunka ne bai faɗa ba. Atisaye ke maganin wannan, ba roba ba.

Na Tashar Dukku: Mai tambaya, wace iri ce taka? Gen 3 ko Gen 4, wato zubin ƙira na uku ko na huɗu? Ta 4 da ta fito a 2010 ana sauya mata bayan mariƙi, toshinsu ba ɗaya ba ne. Kar ka matsa wanda bai dace ba ya faɗi a hanya.

Wani memba: Ku kuna ta maganar roba. Ni roban tayar keke kawai na naɗa a mariƙi saboda gumi, mai kula da ɗakin makamai ya rubuta ni, sai da na amsa takardar tuhuma. Amma man goge bindiga da kuɗinmu muke saya, wannan ba wanda ya gani.

Ɗan Kumo: Wallahi kuwa. Ni burushin haƙori nake sharewa da shi.

Tsohon hannu: Yauwa, kun zo wurin. Bindigar nan ba taka ba ce, ta hukuma ce, sa hannu ka yi ka karɓa. Yadda aka ba ka haka za ka mayar. Allah ya kiyaye, in wani abu ya faru aka zo bincike, wannan 'yar robar za a fara tambayarka.

Mai tambaya: Baba na ji, amma ai ba huda ta zan yi ba, cirewa ba ya ɗaukar minti ɗaya. In zan mayar da yamma sai in zare abuna. Kuma ku lokacinku ba irin wannan zirga-zirgar kuka yi ba. Yaron nan da kuɗinsa ya saya, in ya tambaye ni me zan ce masa?

Tsohon hannu: To da ma ka gama yanke shawara kafin ka tambaya.

Na Tashar Dukku: Har yanzu ba ka faɗi wace Gen ba ce.

Mai tambaya: Zan duba da safe in na karɓo ta. Gobe Kaltungo muka nufa, toshin dai yana aljihuna.