Neman kalma: me za mu kira "fosil" a shirin yara na ranar Asabar?

Maman Ilham:
Assalamu alaikum. Don Allah a taimaka min, lokaci ya ƙure. Gobe Juma'a bayan la'asar zan naɗi shirin kimiyya na yara a gidan rediyon da nake aiki a nan Kano, a sa shi Asabar da safe. Kalma ɗaya ta tsaya min a wuya, wadda Bature ke cewa fosil.

Labarin da zan ba su shi ne: shekara miliyan 252 da suka wuce, duwatsu masu aman wuta a Saberiya suka daɗe suna amai, teku ya ɗau zafi, ruwansa ya yi tsami, iskar da halittun ruwa ke shaƙa ta yi ƙaranci, fiye da kashi 80 cikin ɗari na nau'o'insu suka ƙare. Babu wanda ya gani da idonsa. An gane ne daga duwatsu irin na Meishan a ƙasar Sin, inda ƙasan wani layi a jikin dutsen ke cike da kwanson halittu iri-iri, samansa kuwa sai ɗai-ɗai. Wannan abin da suka bari a dutse nake so in kira da sunan da yaro ɗan aji huɗu zai riƙe.

Abban Sadik:
Wa alaikumus salam. Burbushin halitta. Da shi na ga ana amfani, kuma kunne ya saba.

Malam na Ƙofar Mata:
Burbushi na ƙuli-ƙuli ne da biredi, abin da ake karkaɗewa daga tabarma. A Sakkwato an haƙo ƙoƙon kan wani ƙaton ƙadangaren teku, har aka sa masa sunan Goronyo, Goronyosaurus. Wannan za ki ce wa burbushi? Ni na daɗe da ƙera tawa: dutsantacce, jam'i dutsantattu. Yadda muke cewa Hausantacce, haka abin da ya koma dutse. Kalma ɗaya tak, kuma daga jikin harshen ta fito.

Ɗalibin ilimin duwatsu:
Malam, a gafarce ni, akwai gyara. An taɓa kai mu wurin fasa dutse na Ashaka a Gombe, na ɗauki amonait, wata halittar teku ta da mai kwanso, da hannuna. A naɗe take kamar ƙahon rago, da zane-zane kamar haƙarƙari, ta cika tafina, ga nauyi. To amma yawanci kwanson ya narke tuntuni, lakar da ta cika cikinsa ce ta daskare ta ɗauki siffarsa. Ba halittar ce ta zama dutse ba. Kuma akwai waɗanda ramin tsutsa ne kawai ko sawu. Anti, wannan zai yi miki amfani: bayan waccan halaka, ramukan da ke ƙasan teku sun koma ƙanana marasa zurfi, halittun da suka tsira ma ƙanana ne. Da haka aka gane ruwan ya daɗe bai farfaɗo ba, sai da aka ɗauki miliyoyin shekaru.

Malam na Ƙofar Mata:
Ɗana, ramin ma ai a dutse ka same shi. Dutsantaccen sawu. Ka ga kalmar ta ɗauke shi.

Basakkwace a Sabon Gari:
Ku Kanawa kullum ku ne masu yanka wa Hausa suna. Alhali ƙasarku ba ta da abin, duwatsunku ba na tsohon teku ba ne. Mu ne ruwa ya kwanta a kanmu, ya bar farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita, cike da kwanson halittun ruwa. Sai a tambaye mu kafin a yanke.

Abban Sadik:
To faɗi taku mu ji mana. Daidaitacciyar Hausa dai a kan Kananci aka gina ta, ba mu muka roƙa ba.

Basakkwace a Sabon Gari:
Wannan maganar ce ta sa ba a ci gaba. Ni dai da za a ji tawa, kufan halitta. Kufai wuri ne da aka zauna aka tashi, alama ta rage.

Hajiya Babba:
Ku bari haka, yarinya na da aiki gobe. Ni shekara talatin na yi ina koyarwa. Mota, asibiti, kwamfuta, duk aro ne, wa ya mutu? Ki ce fosil, ki yi bayani. Gobe yaran nan shi za su tarar a takardar jarrabawa.

Malam na Ƙofar Mata:
Hajiya, da girmanki. Haka muka yi ta aro har 'ya'yanmu ba sa iya ƙirga kuɗi da Hausa. Abin yana ci min rai. In gidan rediyo a Kano bai iya tsaya wa kalma ba, wa zai tsaya?

Maman Ilham:
Na gode ƙwarai. Na karanta wa Ilham duka ukun yanzu, tana cin tuwo. Dutsantacce sau biyu harshenta na sarƙewa, Baba Malam ka yi haƙuri. Kufai ta ce ba ta san shi ba, wannan kuwa ya dame ni, sai na tsaya na yi mata bayani. Burbushi ta gane nan take. Zan ce burbushin halittun da, in faɗi fosil sau ɗaya a farko saboda jarrabawa, ramuka kuma in kira su sawun halitta. A kashi na biyu, inda dutse ya faɗo daga sama a Meziko shekara miliyan 66 da suka wuce, amonait ta ƙare amma 'yar uwarta notilas ta tsira har yau, zan ari misalin ƙahon ragon nan na ƙanena ɗalibin ilimin duwatsu.

Malam na Ƙofar Mata:
Shirinki ne. Ban yarda da burbushi ba, kuma ba zan daina cewa dutsantacce a ajina ba. Aƙalla ki ambace ta sau ɗaya, masu sauraro su zaɓa.

Maman Ilham:
Zan ambata, in sha Allahu, tare da kufai. Saura ɗaya: ƙarewar nau'in halitta gaba ɗaya. Na rubuta ƙarewar iri, amma ina tsoron manoma su ɗauka irin shuka nake nufi. Ina nan har ƙarfe goma na dare.